Gani Odutokun (1946–1995): Malamin Zariya da Ya Bar Launi Ya Gudana

Idan Bahaushe ya tashi ambaton wanda sana'arsa ita ce yin hoto da hannu, yakan ce mai zane. Wannan suna yana ɗauke da wani hukunci a cikinsa ko da ba mu lura ba, domin yana nuna cewa layin da aka ja shi ne tushen aikin, launi kuwa ado ne da ke biyo baya, kamar yadda magini ke fitar da siffar ado a bangon soro kafin a zo a shafa farar ƙasa ko shuni. Wannan maƙala tana magana ne a kan mutumin da ya juya wannan jeri a wani muhimmin sashe na aikinsa: yakan fara zuba launi ya bar shi ya bi hanyarsa, sa'annan ya nemi siffa a cikin abin da launin ya bari. Sunansa Gani Odutokun, malamin zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda ya rasu a shekarar 1995 yana da shekara 48. Duk da cewa ya daɗe da barin duniya, hannunsa bai ɓace daga ayyukan masu zanen Zariya ba.

Haihuwa da tasowa

An haifi Gani Odutokun ranar 9 ga watan Agusta, 1946, a garin Nsawam da ke arewa da Ankara, a ƙasar da ake kira Gana a yau, lokacin tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Iyayensa Yarbawa ne ƴan asalin Offa, waɗanda cinikin koko ya kai su can. A wancan zamani babu ƙasar da ta kai Gana fitar da koko a duniya, kuma albarkar wannan ciniki ta jawo baƙi daga ko'ina: Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa, wasu ƴan ƙwadago a gonaki, wasu dillalai, wasu masu kanti a zango. Ya yi ƙuruciyarsa a ƙasar Asante, kuma da kasuwar koko ta ja baya mahaifinsa ya tattara iyali ya koma Nijeriya.

Irin wannan tarihi ba baƙo ba ne ga mutumin Gaya. Garin da ke kallon Malanville a ƙetaren kogi, yana kuma da Kamba a gefensa, ya san gidajen da aka haifi uba a wata ƙasa, ɗa a wata, jika kuma a ta uku. Ta wannan yanki na Gaya da Illo ne ayarorin fatake suka riƙa ƙetare kogi a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja ɗauko goro, tun kafin a shata iyakokin da muka sani. Kogin nan da muke kira Kwara shi ne ma ya ba jihar da Offa take ciki sunanta. Wanda ya tashi tsakanin ƙasashe biyu da harsuna da yawa yakan saba da cewa abu guda yana da suna fiye da ɗaya, kuma za mu ga yadda tambayar wane ne ke siffanta wa ta fito fili a cikin ɗaya daga shahararrun ayyukansa.

Bai shiga harkar zane da wuri ba. Bayan ya gama sakandare ya yi aikin akawu a kamfanin Nigerian Breweries, abokansa ne da suka ga irin baiwar da ke hannunsa suka matsa masa ya nemi karatu. Ya sami shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1972, yana da shekara 26, ya gama digirinsa na farko a 1975, aka riƙe shi a sashen a matsayin ƙaramin malami, sa'annan ya kammala digiri na biyu a 1979. Daga nan bai bar Zariya ba har ƙarshen rayuwarsa.

Zariyar da ya tarar

Makarantar zane ta Zariya ta girmi jami'ar kanta. A 1955 aka mayar da sashen zane na kwalejin fasaha da kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya, jami'ar kuwa sai a 1962 aka buɗe ta. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da daga baya aka riƙa yi wa laƙabi da ƴan tawayen Zariya. Damuwarsu ita ce malamansu Turawa suna koya musu zane kamar a Landan ake, ba tare da kula da fasahar da ɗaliban suka gada a gidajensu ba. Ra'ayinsu shi ne a karɓi dabarun da aka koyo daga Turai, a haɗa su da gadon gida, har a sami abin da ya dace da ƙasar da ke shirin samun ƴancin kai.

Waɗannan ɗalibai sun watsu bayan sun gama, kowa ya kai irin nasa inda ya je. Uche Okeke ya koma ga adon uli na matan Ibo, wanda ƙarfinsa yana cikin siririn layi mai lanƙwasa, kuma a kan wannan aka gina makarantar Nsukka. Yusuf Grillo ya zauna a Legas, aka san shi da shuɗi da shunayya. Lokacin da Gani ya iso Zariya, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, kuma tambayar da ke gaban sabon zubin ɗalibai ta sauya. Magabatansu sun riga sun tabbatar da cewa ɗan Afirka yana da hurumin yin zane da idonsa. Abin da ya rage shi ne me za a yi da wannan hurumi, a ƙasar da kuɗin man fetur da mulkin soja suke sake wa fasali. Amsar da Gani ya bayar ta fito ne ta hanyar launi, har aka wayi gari idan ana kwatanta makarantun biyu akan danganta Nsukka da layi, Zariya kuma da launi.

Launi mai gudana

Fentin mai, yadda aka saba aiki da shi tun ƙarnonin baya a Turai, abu ne mai kauri. Mai zane yana ɗibarsa da buroshi, ya ajiye shi daidai inda yake so, ya kuma zauna a inda aka ajiye shi. Dabarar da aka fi sanin Gani da ita ita ce tsinka wannan fenti har ya zama ruwa-ruwa, wato a mayar da shi daga kaurin kunu zuwa tsinkin koko, sa'annan a zuba shi a kan ƙyallen zane. Da zarar an yi haka, iko ya rabu biyu. Mai zane shi ke zaɓen launi da yawansa da inda zai fara zubawa da yadda zai karkata ƙyallen, amma hanyar da ruwan zai bi, da inda zai taru, da abin da zai faru idan ja ya ci karo da shuɗi kafin ɗayansu ya bushe, wannan ba ya hannunsa gaba ɗaya.

Daga wannan haɗuwa ake samun abin da buroshi ba ya iya yi. Inda fentin ya yi siriri, hasken ƙyallen yana ratso shi, sai launin ya zama kamar yana da fitila a bayansa. Inda launuka biyu suka gauraya suna ɗanye, sai na uku ya fito wanda ba a dama shi a ko'ina ba. Inda wani ya bi ta kan wanda ya riga ya bushe, sai a ga na ƙasa ta cikin na sama. Idan kuma launuka masu hamayya suka zauna kusa da juna, kamar ja da kore ko shuɗi da ruwan lemo, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa kaifi, ido ya kasa zama wuri ɗaya.

Zuba fenti a kan ƙyalle ba a Zariya aka fara shi ba. A Amurka Jackson Pollock ya yi suna da yayyafa fenti tun ƙarshen shekarun 1940, Helen Frankenthaler kuma ta fara jiƙa ƙyalle da tsinkakken fenti a 1952. Sai dai su galibi a nan suke tsayawa, zubin shi ne aikin. Gani bai tsaya nan ba. Bayan launi ya gama tafiyarsa, sai ya dawo da ido da hannun wanda ya ƙware a tsari, ya duba abin da aka ba shi, ya ƙarfafa wani wuri, ya danne wani, ya fito da fuska ko jiki ko taron mutane daga cikin malalar. Wannan shi ne abin da ya riƙa bayyanawa da kalmomi biyu na Ingilishi waɗanda za a iya fassarawa da katari da tsari. A ganinsa haka rayuwar ɗan Adam take: akwai abin da mutum ya shirya, akwai abin da ya faɗo masa, gwaninta kuwa tana cikin abin da ya yi da na biyun.

Abin da harshenmu ya riga ya sani

A nan ne ɗalibin ilimin harshe yake da abin cewa. Brent Berlin da Paul Kay, a littafinsu na 1969 kan sunayen launuka a harsunan duniya, sun kawo ra'ayin cewa harsuna suna farawa ne da bambanta fari da baƙi, sa'annan ja, kafin sauran su biyo. Ko mutum bai yarda da dukkan ra'ayin ba, Hausa tana da abin dubawa a nan. Fari da baƙi da ja siffofi ne masu saiwa a cikin harshen, suna da jam'insu, farare da baƙaƙe da jajaye, kuma kowanne yana da amsa-kama tasa: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur. Shuɗi da kore su ma suna bin jinsi, ana cewa shuɗiya da koriya. Amma da an wuce waɗannan, sai harshen ya koma ga wata dabara: ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan hoda, ruwan zuma. Rawaya ma sunan tsiro ne da ake samun rini daga saiwarsa.

Wato idan Bahaushe ya so ya ambaci launin da ba shi da tsohon suna, sai ya kira shi ruwan wani abu. Wannan kallon marini ne, wanda ya san launi a matsayin abin da ake jiƙawa a karofi, a tsoma tufa a ciki, ya shiga zare. Haka dukawan Sakkwato suka san jan da suke samu daga karan dafi, haka mai lalle ta san nata. Saboda haka harshen da ya kira mai hoto mai zane, ya ba layi fifiko, shi ne kuma ya ajiye mana tunanin cewa launi ruwa ne. Ba a ce Gani daga nahawun Hausa ya samo dabararsa ba. Abin da ake nufi shi ne mai jin Hausa da ya tsaya gaban aikinsa yana da mabuɗi a bakinsa, kuma ba ya bukatar aron ido daga Faransa ko Ingila kafin ya gane abin da ke faruwa a kan ƙyallen.

Sarki da janar-janar ɗinsa

Mai karatu zai iya zaton wanda ya duƙufa kan yadda launi ke gudana ya kau da kai daga halin da jama'a ke ciki. Ba haka abin yake ba. Shekarun da Gani ya fi yin aiki sun zo daidai da mulkin Janar Ibrahim Babangida, daga 1985 zuwa 1993, da farkon mulkin Janar Sani Abacha. Shirin gyaran tattalin arziki da aka fara a 1986 ya karya darajar naira, albashin malamin jami'a ya zama abin tausayi, kayan zane da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada, malamai da yawa suka bar ƙasar. Shi ya zauna, ya kuma yi jerin ayyuka a kan sarki da fadarsa. Mafi shahara a cikinsu sunansa yana nufin sarki yana raha da janar-janar ɗinsa, kuma masu nazari sun fahimce shi a matsayin shaguɓe ga mulkin sojan da ke nuna fara'a da sassauci a fuska alhali riƙon na ƙarfe ne. Bai ambaci sunan kowa ba, kamar yadda maroƙi ko mai tatsuniya yake sa zaki da kura su ɗauki maganar da ba ta faɗuwa a fada. Duk wanda ya rayu a ƙarƙashin soja, a Nijeriya ko a Nijar, ya san wannan salo na habaici.

Wani aikin nasa na 1991, wanda sunansa ke nufin hira da Mona Lisa, ya ɗauko wata tambayar. A cikinsa matar nan da Leonardo da Vinci ya zana a farkon ƙarni na 16 tana sassaƙa mutum-mutumin itace irin na Afirka, shi kuma mutum-mutumin yana zana ta. Tarihin da ke bayan wannan sananne ne: a farkon ƙarni na 20 masu zanen Turai irin su Picasso sun ɗebi siffofi daga sassaƙar Afirka aka kira su masu sabunta fasaha, amma idan ɗan Afirka ya ɗauki buroshi da fentin mai sai a ce kwaikwayo yake yi. Gani ya sa kowane ɓangare yana ƙera ɗayan a lokaci guda. Masanin harshe ya san wannan al'amari daga aron kalmomi. Kalmar launi kanta daga Larabci muka aro ta, fenti da buroshi daga Ingilishi, kuma babu wanda zai ce ba Hausa ba ne a yau.

Malami da mujalla

Bayan zanen da ake ratayewa, ya yi zanen bango, ya kuma tsara bangon littattafai. Amma babban aikinsa na biyu shi ne koyarwa, wadda ya shafe kusan shekara 20 yana yi. Tare da abokan aikinsa, cikinsu har da Jerry Buhari da Jacob Jari da Tonie Okpe, ya kafa wata ƙungiya a Zariya wadda a farkon shekarun 1990 ta fara fitar da mujalla mai suna The Eye, wato Ido. Sun lura cewa ana yin zane a Nijeriya amma ba a rubuta game da shi yadda ya kamata, kuma aikin da ba a tattauna shi ba yakan mutu a jikin bango. Akwai wani dace a nan da mai jin Hausa kaɗai zai ji daɗinsa. Gani a bakin Yarbawa gajarcewar sunan Abdulganiyu ne, amma a Zariya sunan ya faɗa kan kalmarmu ta gani, sai ga mai wannan suna yana jagorancin mujallar Ido.

Rasuwarsa da abin da ya bari

A watan Fabrairu na 1995 ya je Legas wajen baje kolin zane a cibiyar Goethe ta Jamusawa. A kan hanyar dawowa motar da suke ciki ta yi haɗari, masu zane huɗu suka rasu, shi ne ɗaya daga ciki. Ranar 15 ga Fabrairu ce. Kalmar Ingilishi da ya riƙa amfani da ita wajen bayyana dabararsa tana da fuska biyu, tana nufin abin da ya faru ba da niyya ba, tana kuma nufin haɗarin hanya, kuma waɗanda suka rubuta game da shi sun sha tsayawa a kan wannan. Hausa ta raba su: tana da katari da dace a gefe ɗaya, tana da tsautsayi da haɗari a ɗaya gefen. Mai fassara ba zai iya riƙe duka biyun da kalma guda ba, dole ya zaɓa.

A ƙarshen shekarar da ya rasu aka nuna ayyukansa a zauren Whitechapel na Landan, a wani babban baje koli kan fasahar zamani ta Afirka wanda Chika Okeke ya tsara ɓangaren Nijeriya na cikinsa. A shekarar 2000 kuma zauren Brunei na makarantar SOAS, wadda ɗaliban Hausa suka sani saboda daɗewar da ta yi tana koyar da harshenmu, ya shirya baje koli mai suna Accident and Design, a kan Gani da tasirinsa ga waɗanda suka biyo bayansa.

Abin lura game da wannan tasiri shi ne almajiransa ba su zama kwafinsa ba. Mu'azu Mohammed Sani ya ci gaba da tsinkakken fenti, ya kai shi ga watsawa da fantsamawa. Jerry Buhari ya bi da launi zuwa ga damuwa kan ƙasa da muhalli da halin da al'umma ke ciki. Jacob Jari ya ajiye fentin kanti a wasu ayyukansa, ya koma ga kara da guntayen ƙyallen da teloli suka zubar, yana barin abin da ya tsinta ya nuna masa hanya. Duke Asidere, wanda ya yi karatu a hannunsa kafin ya koyar a Auchi ya kuma zauna a Legas, yana cikin masu ambatonsa a matsayin malamin da ya buɗe musu ido. Ayyukan waɗannan mutane ba su yi kama da juna ba. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne tarbiyyar sauraron kayan aiki kafin a yi musu umarni, sa'annan a ɗauki nauyin tsara abin da suka bayar.

Mu da muke nazarin harshe akwai aikin da wannan tarihi ya ajiye a gabanmu. Kusan duk abin da aka rubuta game da Gani Odutokun da Ingilishi aka rubuta shi, alhali a tsakiyar ƙasar Hausa ya yi aikinsa. Kalmomin da za a tattauna zane da su a Hausa ba sai an ƙirƙiro su duka a ofis ba. Da yawansu suna bakin marina da dukawa da magina da masu ɗinkin hula da masu zayyanar allo, waɗanda suke da sunan launi idan ya kama da idan ya koɗe, da idan ya yi duhu da idan ya yi haske. A kasuwar Gaya kaɗai, masu sayar da atamfa suna kiran launi guda da Hausa da Dandanci da Yarbanci da Faransanci a cikin ciniki ɗaya. Ɗalibin da ke neman batun kundinsa zai iya farawa daga nan, da littafin rubutu da na'urar ɗaukar murya.